Jikin Aku Ya Fi Bakinsa Faɗin Gaskiya

 Gaisuwa ga mutanen Kanya Babba da sauran garuruwan ƙasar Ɓaɓura, da na Kazaure da Roni da Gwiwa, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Nijar waɗanda muryarmu ke kai wa. Shirin namu na yau a kan aku yake, da irin motse-motsen da yake yi a cikin keji waɗanda kan sa wani mai shi dariya, su sa wani ya tsorata.

Duk wanda ya sayi aku a ƙasar Hausa, don bakinsa ya saye shi. Ana so ya amsa sallama, ya kira sunan maigida, ya kwaikwayi kukan jariri ko ƙarar waya, baƙi su zo su yi mamaki. Adabinmu ma haka ya rene mu a kai. Tun da Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a 1937, yaran makaranta suka san aku a matsayin mai hikimar zance, wanda ya riƙa jan hankalin ɗan sarki da labarai har ya kai ga sarautar waziri. Wannan suna da aku ya yi ya jawo masa asara guda: kunnenmu na wajen bakinsa, idonmu kuwa ba ya kan jikinsa. Alhali kalmomin da yake maimaitawa namu ne, aro ya yi. Abin da yake nasa na kansa, wanda da shi yake shaida ko lafiya yake, ko tsoro yake ji, ko zaman ya ishe shi, yana cikin yadda yake tsayuwa, da yadda yake riƙe gashinsa, da numfashinsa, da ƙwayar idonsa. Abin da nake so in kafa hujja a kai yau shi ne, motsin aku rahoto ne a kan halin da muka ajiye shi a ciki, kuma mafi yawan abin da muke kira baƙon hali a wajensa, mu ne sanadinsa, mu ne kuma ke da ikon gyara shi.

Ba za a gane baƙon motsi ba sai an san wanda ba baƙo ba, shi ya sa dole mu fara da inda tsuntsun ya fito. Akun da aka fi nema, mai ruwan toka da jar jela, ba ɗan yankinmu ba ne. Gidansa kurmi, daga Gana da kudancin Nijeriya wajen Kuros Riba da yankin Neja Delta, zuwa Kamaru da Gabon da Kwango, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, 'ya'yan itace ba sa yankewa, kwakwar manja kuma na cikin abincinsa na yau da kullum. Sai kuma namu na gida guda biyu, waɗanda manomi a nan ya san su sarai domin yakan kore su daga gero da dawa lokacin kaka: tsirya mai doguwar jela, da gajeren koren nan mai kai ruwan toka da rawayan ciki, wanda ke sheƙa a kogon itace irin su kuka. Dukkansu abu uku ya haɗa su. Ba sa zaman kaɗaici, a garke suke tashi, a garke suke kwana. Suna tafiya mai nisa kullum. Sannan sa'o'i da yawa na yininsu a neman abinci suke ƙarewa, ana ɓare wannan, ana fasa wancan, ana gwaguyar reshe. To, a ɗauki irin wannan halitta a sa a kejin waya wanda ko fiffike ba za ta iya miƙewa ba, a zuba mata gyaɗa ɓararriya a gwangwani ta cinye cikin 'yan mintoci, a rataye ta ita kaɗai a zaure. Sauran yinin me za ta yi da shi? Amsar wannan tambaya ita ce rabin abin da za mu tattauna.

Akwai motsin da ke tayar wa mai aku hankali alhali alamar lafiya ne, kuma ba sai mun daɗe a kansu ba. Idan magariba ta yi ka ji yana goga bakinsa na sama da na ƙasa suna ƙara, tsuntsu ne da ya ƙoshi ya natsu, barci yake shirin yi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗayar a naɗe cikin gashin ciki, hutu ne, kuma tsuntsun da ba shi da ƙarfi ba ya iya ta. Ya kumbura gashinsa ya girgije sannan ya kwantar da shi, gyaran jiki ne. Ya rataya kansa a ƙasa daga rufin keji, wasa ne, a kurmi haka yake cin 'ya'yan itace. Farar ƙurar da ke fita daga jikin mai ruwan toka tamkar hoda, daga wani irin gashi take da Allah Ya yi masa, rashinta ne ma abin damuwa. Wanda ya fi rikita mutane shi ne idan aku ya riƙa kaɗa kai sama da ƙasa, sannan ya maido da abinci bakinsa ya ajiye a hannun mai shi. Ba amai ba ne. Haka namiji ke ciyar da matarsa a sheƙa, haka iyaye ke ciyar da 'ya'ya, wato ya ɗauke ka abokin zama. Amai na ciwo daban yake: tsuntsun yana fisgar kai gefe da gefe, abin yana fantsama, ka tarar gashin kansa ya jiƙe ya manne. Sai ƙwayar ido. Aku na iya tsuke baƙin idonsa ya buɗe shi da sauri, kuma hakan na nufin wani abu ya motsa shi ƙwarai, ko murna ko fushi. Idan ya haɗa da baza jela, da miƙewar gashin ƙeya, da sunkuyar da kai, to ka janye yatsanka. Yawancin waɗanda ke cewa akunsu ya cije su ba gaira ba dalili, an yi musu gargaɗi, ba su karanta ba ne.

Daga wannan za a ga ƙa'idar da komai ya rataya a kanta: motsi ɗaya ba ya ba da hukunci shi kaɗai. Kumbura gashi na ɗan lokaci gyaran jiki ne, kumbura gashi tun safe har azahar da ido a lumshe ciwo ne. Sai an duba lokacin da abin ya faru, da abin da ya zo tare da shi, da kuma ko jiya haka tsuntsun yake.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai, wato motsin da keji ke haifarwa. Za ka ga aku yana kai da komo a kan sandarsa, taku uku dama, taku uku hagu, ba ƙari ba ragi. Wani ya hau bangon keji ya bi rufi ya sauko ta ɗaya gefen, ya sake, hanya ɗaya tak. Wani ya riƙa jujjuya kai, wani ya kama waya ɗaya yana tauna ba don ya ci ba. Mutanen gida su taru suna tafi, wai aku na rawa. Masana halayyar dabbobi ba su ɗauki wannan rawa ba. Sun san shi a jikin namun dajin da aka tsare a gidajen zu, kuma ba a ganinsa a wajen tsuntsun da ke sake a daji. Alamarsa ita ce maimaici marar canji, marar manufa, wanda tsuntsun ke yi ko da mai kallo ko babu. A Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka, Cheryl Meehan da Joy Mench da abokan aikinsu sun raba 'ya'yan wani nau'in aku na Kudancin Amurka gida biyu, wasu a keji fayau, wasu a kejin da aka sa musu abin hawa da abin gwaguya, aka kuma ɓoye abinci yadda sai sun yi aiki kafin su samu. Sakamakon da suka wallafa a 2003 da 2004 ya nuna na keji fayau sun fi yin wannan maimaici nesa ba kusa ba, gashinsu kuma ya fi lalacewa, kuma da aka sauya musu wurin zama abin ya ragu. Wato keji ne ya koya musu.

Mai sauraro na iya cewa, ai kuwa aku na rawa da gaske, mun gani a waya. Gaskiya ne, kuma kimiyya ba ta musa ba. A 2009 Aniruddh Patel da abokansa suka wallafa bincike a kan wani farin aku mai tukku da ake kira Snowball, suka nuna yana bin kiɗa, in an ƙara sauri ya ƙara, in an rage ya rage. Amma a nan ne ma bambancin ya fito fili. Rawar gaske tana da abin da ya tayar da ita, tana canzawa, tana ƙarewa idan kiɗa ya tsaya. Wancan kai da komon kuwa ba ya jiran kiɗa, ba ya sauya salo, kuma yakan yi tsanani ne daidai lokacin da gida ya yi shiru ba kowa. Mai aku na iya gwada wannan da kansa: ya laɓe inda tsuntsun ba ya ganinsa, ya ga abin da yake yi in yana zaton shi kaɗai ne.

Mafi munin wannan hali shi ne fige kai. Aku ya bi gashin ƙirjinsa da na cinya da na ƙarƙashin fiffike ya tsige ɗaya bayan ɗaya har fata ta fito, wani lokaci har jini. Akwai hanya mai sauƙi ta fara gane ko shi ke yi wa kansa: a dubi kansa. Bakinsa ba ya kai wa gashin kansa, saboda haka idan jiki ya zama tsirara amma kai na nan lulluɓe da gashi mai kyau, shi ne mai figar. Idan kuwa har kai ya sanƙe, gashin da ke tsirowa a murɗe yake, baki yana ƙyalli ko yana tsagewa, to ana zargin wata cutar baki da gashi da ƙwayar bairos ke kawowa, kuma tana yaɗuwa tsakanin tsuntsaye. Ba na cewa duk fige kai daga kaɗaici yake. Ƙwarƙwatar kaji na iya jawo shi, ciwon hanta na iya jawo shi, haka rashin abinci mai gina jiki, haka bushewar fata, kuma a nan hunturunmu ba ƙaramin laifi gare shi ba ga tsuntsun da aka halitta don laimar kurmi. Shi ya sa ake fara kawar da zargin ciwo tukuna. Amma bayan an kawar, abin da ya rage yawanci shi ne baki mai ƙarfi da ba shi da aikin yi. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada wannan a kan aku masu ruwan toka da suka riga suka fara fige kansu: aka daina zuba musu abinci a kwano, aka sa shi cikin bututu mai 'yan ramuka, sai sun mirgina shi kafin ƙwaya ta faɗo. Rahoton da ya fito a 2008 ya nuna lokacin da suke ɓatawa wajen ci ya ƙaru, gashinsu kuma ya fara dawowa.

Na san akwai mai cewa wannan duk tunanin Turawa ne, masu ɗaukar dabba su ba ta zuciyar mutum, tsuntsu ina ya san kewa? Tambaya ce mai kyau, domin lallai akwai masu wuce gona da iri. Sai dai hujjar da ke hannu ba ta tsaya a kan tausayi ba, a kan awo ta tsaya. A 2014 masu bincike a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka auna jinin aku masu ruwan toka, suka tarar waɗanda aka ajiye su kaɗai, wani sashe na ƙwayar halittarsu da ke gajarcewa da tsufa ya fi gajarta a kan na tsaransu masu abokin zama. Kaɗaici ya bar tabo a jiki, wanda na'ura ta gani. Game da kaifin ƙwaƙwalwa kuwa, wata mai bincike, Irene Pepperberg, ta sayi wani aku mai suna Alex a 1977, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida, yana faɗin abin da ya haɗa abu biyu da abin da ya raba su. Halittar da ke da wannan kai ba za a ce zaman banza ba ya taɓa ta ba. Kuma karanta jikin dabba ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu. Makiyayin da ke kai shanu kasuwar Maigatari, daga yadda saniya ta saki kunne ko ta ware daga garke yake sanin ba ta da lafiya, tun kafin ta daina kiwo, ba kuma wanda ya ce masa Bature. Wannan idon ne dai ake so a juyo da shi kan keji.

Bayan motsin lafiya da wanda keji ke haifarwa, sai kashi na uku, wanda ba ya jira, wato motsin ciwo. Tsuntsu a daji in ya nuna rauni shaho ya gan shi, don haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye ciwo iyakar iyawarsa. Ranar da ka ga aku ya sauka ƙasan keji ya zauna, gashi a kumbure, ido a lumshe, ya daina surutun da ya saba, to ba ranar ciwon ya fara ba, ranar ce ƙarfin ɓoyewa ya ƙare. Abu na farko da za a duba shi ne jela. Tsuntsu mai lafiya in yana hutawa jelarsa ba ta motsi sosai. Idan tana ɗagawa tana sauka tare da kowane numfashi, ko yana numfashi baki buɗe ba tare da ya yi gudu ko zafi ya dame shi ba, ko muryarsa ta dushe, to ƙirji ne. Hanyar numfashin tsuntsu ta bambanta da tamu, yana da jakunkunan iska a cikin jiki ban da huhu, kuma abin da ke cikin iska yana shigarsa da sauri fiye da yadda yake shigarmu. Maganin sauro na kunnawa, da fiya-fiya, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da hayaƙin janareto, da na murhu, kowannensu na iya kayar da aku a dare ɗaya alhali mutanen ɗakin ba su ji komai ba. A bazara kuma, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki namu, za a ga ya buɗe fukafukai ya nisanta su da jiki yana haki. Tsuntsu ba ya gumi, wannan ce dabararsa. Kejin da aka rataye a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana na iya zama ajalinsa. A mai da shi inuwar bishiya, a fesa masa ruwa, a ajiye masa kasko mai faɗi ya yi wanka.

Akwai kuma wanda ya fi kowanne jawo surutu a unguwa: aku yana zaune lafiya sai ya faɗo daga sandarsa, ya sandare, fiffike na karkarwa, ƙafa ta dunƙule, bayan ɗan lokaci ya farfaɗo kamar ba shi ba. Nan da nan sai a ce iska ce ta buge shi, ko an yi wa maigida jifa ya faɗa kan tsuntsun, ko baki ne ya kama shi saboda yawan yabo. Ba muhawarar aƙida na zo yi ba, addu'a kuwa ba ta taɓa zama laifi ba. Amma likitocin tsuntsaye sun daɗe da sanin wannan faɗuwa, musamman a jikin mai ruwan toka, kuma mafi yawan lokuta sanadinta ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a jini. Abu biyu ke haɗuwa su kawo shi. Gyaɗa da sauran ƙwayoyi masu mai ba su da kalsiyam isasshe. Sannan jiki ba ya iya amfani da ɗan abin da ya samu sai da bitamin D, wanda hasken rana ke taimakawa a samar, kuma hasken da ya ratso gilashi ba ya wannan aiki. Abin takaici ne a ce a ƙasar da rana ta yi yawa har muna gudun ta, tsuntsu na faɗuwa don rashinta, saboda an kulle shi a ɗaki mai duhu gudun ɓarawo ko kyanwa. Hantsi na ɗan lokaci kullum, da wajen fakewa in ya gaji, da dafaffen ƙwai da aka daka da ɓawonsa sau ɗaya ko biyu a mako, da ganyen zogale, suna hana abin da ake dangantawa da jifa. Wani sanadin irin wannan jijjiga shi ne gubar ƙarfe, idan yana gwaguyar sabuwar wayar raga mai rufin tutiya, ko tsohon fenti, ko dalmar da aka like keji da ita.

Wani dattijo zai ce, ni shekara da shekaru gyaɗa da rake nake ba nawa, ga shi nan garau. Ba na ƙaryata shi. Amma mai ruwan toka tsuntsu ne da kan kai shekara 40 zuwa sama in ya samu kulawa, saboda haka wanda ya yi shekara takwas ya mutu ba tsufa ya kashe shi ba, ko da mai shi na ganin ya daɗe. Illar gyaɗa zalla a hankali take taruwa: kitse a hanta, rashin bitamin A da ke sa hanci toshewa da yawan atishawa, gashi ya dushe. Ga kuma fumfuna. Gyaɗar da ta sha laima a rumbu ko a buhu tana ɗauke da guba mai lalata hanta, ƙurar fumfunar kuma na iya kama jakunkunan iskar nan. Abin haushi, gyaɗar da aka tsince aka ƙi ci ita ake zuba wa tsuntsu. Gyaɗa mai kyau 'yar kaɗan ba laifi, a matsayin lada. Amma a haɗa masa da karas, da kabewa, da gwanda, da mangwaro, da gwaiba, da dafaffen wake, da ɗan ɗigon manja. A nisanta shi da piya, wadda guba ce gare shi, da goro da shayi da kofi da cakulan da abinci mai gishiri.

Wani motsin kuma ya wuce batun tsuntsu ɗaya, ya shafi gida duka. Idan wuyan aku ya murɗe, kai ya juya sama ko gefe, yana zagaye wuri ɗaya, duk matar da ke kiwon kaji ta san wannan hoton, domin haka annobar nan ta Niyukasil ke yi wa kaji, galibi da hunturu. Tana kama aku, aku kuma na iya ɗaukar ta ya kai wani wuri. A 1971 ta shiga kudancin Kalifoniya ta hanyar tsuntsayen ado da aka shigo da su, sai da aka hallaka tsuntsaye kusan miliyan 12, yawancinsu kajin gona, kafin a shawo kanta. Mu ma ba mu manta da murar tsuntsaye ba, wadda aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Don haka kejin aku ba a kusa da akurki yake ba, sabon tsuntsu daga kasuwa kuma a ware shi na wasu makonni, kajin gida a yi musu rigakafin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Bom ke samarwa. Akwai ma ciwon da ke tsallakowa kan mutum, wanda ake kira zazzaɓin aku. A 1929 zuwa 1930 ya bazu a Turai da Amurka ta hanyar cinikin aku daga Kudancin Amurka, mutum fiye da 100 suka mutu. Yau yana da magani, amma sai likita ya san inda zai duba. Wanda akunsa ke zawo kore, ido da hanci na ruwa, shi kuma ya kamu da zazzaɓi da tari da ciwon kai da suka ƙi jin maganin maleriya, ya gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gida. Al'adar ba aku abinci daga baki zuwa baki a bar ta, kashinsa kuma a yayyafa masa ruwa kafin a share don kada a shaƙi ƙurar.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne nauyi: mutane na fama da abin da za su sa a tukunya, kai kana maganar nishaɗin tsuntsu. Ban raina wannan magana ba. Sai dai ba wanda aka tilasta wa ajiye aku, wanda kuma ya rufe ƙofar keji ya ɗauki amana. Malamanmu sun halatta ajiye tsuntsu bisa sharaɗin a ba shi haƙƙinsa, suna kafa hujja da ƙaramin yaron nan Abu Umair da ke da ɗan tsuntsunsa a Madina, suna kuma tsoratarwa da hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba saki. Sannan gyaran da ake magana kusan duk kyauta ne a ƙauye. Zangarniyar gero ko ta dawa sukutum, a rataya masa ya ɓare da kansa. Goyon masara da bawonsa. Ɗanyen reshen gwaiba ko na zogale ya gwaguya, a sauya in ya ƙare. Sanduna masu kauri daban-daban maimakon ƙarfe mai santsi. Keji mai faɗin da zai buɗe fukafukai biyu ba su taɓa waya ba. A ajiye shi inda iyali ke zama da rana, da dare kuma a ba shi duhu da shiru na awa 10 zuwa 12, ba gaban talabijin ba. Ihun da yake yi da asuba da magariba kiran garke ne, ba rashin kunya ba, a amsa masa da murya ya fi a doki keji.

Mai tausayi kuma zai ce to a buɗe a sake shi mana. Ga tsirya ko koren nan da aka kama kwanan nan, fiffikensa lafiya, wannan daidai ne, dajinsa na bayan gari. Amma mai ruwan toka da aka saki a Kanya Babba ba zai ga kurmi ba, yunwa ko shaho ko yara da danƙo za su riga shi. Wanda ke hannu a riƙe shi da kyau. Abin da za a daina shi ne sayen sabo. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na wannan tsuntsu tun daga 1992, kuma a watan Oktoban 2016, a taron Johannasbag na Afirka ta Kudu, ƙasashen duniya suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya na da dokarta ta kare irin waɗannan halittu tun 1985, aka ƙara mata tsanani a 2016. Wanda aka kamo da girmansa ma shi ne ya fi gurnani da makurewa a lungun keji in mutum ya matso, kuma da wuya ya sake har ya yi maganar da aka saye shi dominta.

Idan alamar ciwo ta bayyana, kafin a kai ga malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko asibitin dabbobi a Kazaure ko Kano, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya in abin ya gagara, a sauko masa da sanda ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa tsumma mai laushi, a sa ruwa da abinci inda bakinsa zai kai, a kare shi daga iska in hunturu ne. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo da ƙarfi, yana iya bin hanyar numfashi. Kada a fasa kafso na mutane a zuba masa. A shimfiɗa farar takarda a ƙasan keji don likita ya ga launin kashin, wanda ke da waya kuma ya ɗauki bidiyon motsin lokacin da yake faruwa, domin aku na ganin baƙo zai miƙe tsaf ya ɓoye abin da ke damunsa.